ADIRESHI ASHIRIN DA BIYAR

Shafi na 14

Wadda ta rubuto min jiya tana cewa na cika tausaya wa tsoho Man-gil, ki karanta na yau tukuna, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Da hantsin ranar Asabar Eun-sil ta iso kasuwar Tongyeong, rungume da kwalin sabuwar kwamfuta. Tun daga tashar mota take haki.

"Ajiye a hankali," in ji mahaifiyarta, Bok-rye, tana zuba busassun ƙananan kifi a ma'auni, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba kwandon kifi ba ne."

"Omma, aikina ke nan fa. Kwamfuta arba'in ce a hannuna a makarantarmu."

"Arba'in. Amma ta ubanki sai da ta fara ƙugi kamar tsohon jirgin ruwa sannan kika tuna hanyar gida."

Eun-sil ta ajiye kwalin a hankali.

Wata bakwai ke nan da mahaifinta, Chu Man-gil, ya yanke jiki ya faɗi a bakin wannan shagon. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Tun daga ranar uwar ce ke riƙe da shagon, ita ce kuma ke fama da tsohuwar kwamfutar da ke lungu, wadda ta cikinta odar mutanen Seoul da Busan ke shigowa.

"Saurara kafin ki taɓa komai," in ji Bok-rye. Ta goge hannu ta zo ta tsaya a kanta. "In na kunna, in ga shafin yanayin teku. In na danna ɗaya, masu oda. Biyu, masu kai kaya. Uku, banki. Haka ubanki ya jera min. Kika canza min ko ɗigo ɗaya, ki ɗauki abarki ki koma Changwon da ita."

"Komai da komai?"

"Komai."

Eun-sil ta san abin da uwar ke tsoro. Shekara bakwai Man-gil ya yi yana lallaɓa burauzar nan da yake shiga intanet da ita. Shafin banki sai an ba shi izininsa daban, na masu kai kaya daban, na ofishin haraji ma da tasa fitinar. In aka ce a sake saita su ɗaya bayan ɗaya, yini guda ba zai isa ba, kuma dole a manta wani.

Amma akwai gajeriyar hanya.

Ta kunna tsohuwar, ta jira ta gama tarinta, ta rubuta regedit. Allon ya cika da rassa, reshe cikin reshe.

"Mene ne wannan kamar saiwar bishiya?"

"Rajista ce. Duk yadda Aboji ya saita kwamfutar, nan take rubutawa. Zan ciro reshen burauza in zuba a filash, in kai wa sabuwar. Da ta haɗiye shi, za ta ɗauki halin wannan."

"Rajista," Bok-rye ta maimaita. "Irin ta gunduma, da ake rubuta 'ya'ya?"

"Kusan haka."

Suka dubi juna. Abu ɗaya ne ya faɗo musu a rai.

Shekara goma sha ɗaya da rabi da suka wuce, ranar Chuseok, bikin kaka, a gaban teburin tunawa da kakanni, Man-gil ya ce sai ya kankare sunan ɗansa Gi-tae daga rajistar gida. Gi-tae yayan Eun-sil ne, wanda aka tura Seoul karatun jarrabawar alƙalanci. Ya faɗi sau huɗu. Ta biyar bai ma zauna ba. Shekara biyu ya yi yana murza taliya a kicin ɗin wani gidan abinci, yana aiko wa gida labarin karatu.

Eun-sil ce ta hango shi ta taga, da farar hula. Ita ce ta faɗa wa uban.

Gi-tae ya fita ranar da takalmansa a hannu. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba, aka kuma hana kiran sunansa a gidan.

"Yi aikinki," in ji uwar a hankali.

Ta yi. Ta ciro reshen burauza, ta ciro na shafukan da aka amince da su, ta kwafi jakar da ke ɗauke da ɗaya, biyu, uku. A makaranta, in za ta yi irin wannan aikin, takan buɗe fayil ɗin ta yanke wani ɗan ƙaramin reshe tukuna, wanda ke riƙe da adireshi ashirin da biyar na ƙarshe da mutum ya rubuta da hannunsa. Ba a kai sirrin malami teburin wani malamin.

Yau ba ta yanke ba. An ce mata komai.

Ta zura filash a sabuwar, ta danna sau biyu. Sabuwar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata.

Da ta buɗe burauzar, sai ga shafin yanayin teku.

Bok-rye ta matso da fuska, ta karanta da ƙarfi, "Iska daga kudu, igiyar ruwa mita ɗaya." Ta dafa kan 'yarta. "Ashe karatunki bai tafi a banza ba. Saura miji."

"Omma."

"Na yi shiru."

Wata mai saye ta yi kira daga waje, tana tambayar manyan kifi na miya. Uwar ta fita.

Eun-sil ta kai linzami kan layin adireshi don ta gwada shafin banki. Jerin ya zubo ƙasa.

Uwarta ba ta taɓa rubuta adireshi ba, lambobinta kawai take dannawa. Ke nan jerin yana nan yadda uban ya bar shi. Na can sama shi ne abu na ƙarshe da ya rubuta kafin ya faɗi.

Ta karanta shi sau uku.

Shafin hotuna ne, irin wanda kowa ke buɗe wa kansa. A ƙarshen adireshin akwai suna da haruffan boko.

gitae.

Ta waiwaya. Uwar tana waje, tana ce wa mai sayen ta sansana ta ji. Ta danna.

Gi-tae ne, ya yi ƙiba. Gashinsa ya fara ja da baya. Yana tsaye a ƙofar wani ɗan gidan taliya a Yeosu, yana dariya har idonsa ya rufe, sak dariyar Omma.

"Oppa," ta ce a hankali, yadda take kiran yayan nata tun suna yara.

Yeosu. Tafiyar awa biyu.

Ta gangara ƙasan shafin. Shi da wata siririyar mace ranar aure. Jaririya a zani. Yarinyar ta fara tafiya. Yarinyar da kwanon taliya a ka.

Sai wani hoto.

Wani tsoho ne zaune a kujerar roba, yarinyar a cinyarsa, tana jan kunnensa. Rigar da ke jikinsa Eun-sil ce ta saya masa. A ƙasa an rubuta: Da-on da kakanta.

Ba ta taɓa ganin haƙoran ubanta a hoto ba sai yau.

Kowane wata, ranar Laraba ta biyu, yakan ce zai je gwanjon kifi a Yeosu. Ya dawo da yamma yana mitar kaya sun yi tsada, bai sayo komai ba. Shekara shida ana haka.

Wani abu kamar murna ya taso mata, ya haɗu da fushi. Yana raye. Yana da mata, yana da 'ya. Har ta yunƙura za ta kira uwar, sai idonta ya kai kan kwanan watan hotunan.

Sun tsaya a bara.

Ta koma can sama, inda ta tsallake da sauri. Akwai ɗan rubutu cikin baƙin layi.

Chu Gi-tae ya rasu ranar tara ga Yuni bayan jinya. Muna godiya ga duk wanda ya zo. Matarsa, Gong Hye-ran.

Ba ta yi ihu ba. Ta dai ji ƙarar kasuwar ta yi nisa, kamar an tura kanta cikin ruwa.

Wata tara.

Ta buɗe wurin da baƙi ke barin saƙo. Abokai, masu cin taliya, maƙwabta. A tsakaninsu akwai wani mai sa hannu da Mai Kifi. Saƙonninsa gajeru ne, cike da kurakuran mai rubutu da yatsa ɗaya. Na shekarun baya duk tsiya ce.

Miyar nan ko a hoto ta yi gishiri.

A sa wa yarinyar safa.

Bayan Yuni suka canza.

Yau ma ban faɗa mata ba.

Na zauna zan faɗa, sai ta kawo min ruwa.

Na ƙarshen an rubuta shi jajiberin ranar da ya faɗi.

Uwarka ta yi irin kimchin da kake so. Na ci. Ban ce komai ba.

"Ya yi?" muryar uwar daga waje. "Bankin ya buɗe?"

Eun-sil ta rufe shafin. Lambar wayar gidan taliyar tana jikin allon da ke hoton farko, ta riga ta shige mata kai.

"Ya buɗe. Omma, bari in kai wa Aboji abincinsa. Ki huta da hawa tudu yau."

"Ke? Yau wace rana."

Ta ɗauki kular kunun shinkafa ta fice ta ƙofar baya. Ba ta nufi gida ba. Ta tsaya a bakin ruwa, bayan wasu kwandunan roba, ta buga lambar.

"Gidan taliya ne," in ji wata mace, ana jin ƙarar kwanuka a bayanta.

"Ke ce Gong Hye-ran?"

"Ni ce. Wa ke magana?"

"Sunana Chu Eun-sil."

Ƙarar kwanukan ta tsaya.

"Agasshi," in ji matar. Sunan da matar wa ke kiran ƙanwar miji da shi ke nan, amma yadda ta faɗe shi babu ko ɗigon zumunci. "Wata tara. Kin yi sauri."

"Yau na sani."

"Me kika sani yau?"

"Komai. Cewa yana Yeosu. Cewa akwai ki. Cewa ya..." Maganar ta maƙale.

Hye-ran ta yi wata gajeriyar dariya.

"Kada ki yi min haka. Ina da mutane a tebur. Ke kika haɗa wa Abonim, mahaifinki, kwamfutar, ke kika nemo masa shafin, ke kika nuna masa. Da bakinsa ya faɗa mana."

"Ni na haɗa masa kwamfutar. Ban taɓa ganin shafin ba sai ɗazu."

"Ya ce kin ce ba ki shirya ganin yayanki ba."

"Ban ce ba."

"Ya ce surukata ta fi shi fushi. Wai ta ce ba ta da ɗa. Wai zuciyarta ba ta da ƙarfi, in ta ji muryarsa kwatsam za ta iya faɗuwa. A ba shi lokaci ya shawo kanta. Chuseok mai zuwa. Sabuwar shekara mai zuwa. Shekara shida muna gyaran mota muna fasawa."

Eun-sil ta tsuguna a bayan kwandunan.

"Omma ta durƙusa a gabansa ranar da Oppa ya fita. Ta riƙe ƙafarsa. Har yau in mota ta tsaya a ƙofar kasuwa sai ta leƙa."



"Ƙarya kike."

"Ki buɗe shafin. Ki duba abin da Aboji ya rubuta bayan Yuni."

"Ban buɗe shi ba tun ranar da na sa sanarwar. Ba zan iya ba."

"To bari in faɗa miki. Ya rubuta, yau ma ban faɗa mata ba."

Ta ji matar ta ja kujera. Ta ji numfashinta.

"Ranar jana'iza," in ji Hye-ran, muryar ta sauka ƙasa, "kwana uku ina kallon ƙofa. Abonim ya ce ba ta da lafiya, ke kuma aiki ya riƙe ki. Na ce a raina, wace irin uwa ce wannan. Na tsine mata, Agasshi. A gaban hotonsa na tsine mata."

"Me ya same shi?"

"Hanta. Wata bakwai. Da farko shi ya hana a faɗa, ya ce sai ya ɗan murmure, kada ta gan shi kamar tsinke. Da ya ga ba tashi zai yi ba, ya roƙi Abonim. Ya ce ko ba za ta yi magana ba, ta tsaya a ƙofa kawai. Abonim ya ce jibi zai kawo ta."

"Sai me?"

"Jibin ya zo shi kaɗai. Ya ce ta ƙi."

Eun-sil ta cusa bayan hannunta a baki.

"Duk ranar haihuwar uwarsa yakan kira shagonku," Hye-ran ta ci gaba, kamar da kanta take magana. "Ya ji ta ce shagon Chu ne, me za a kawo. Sai ya ajiye. Ya shiga kicin ya yi ta yanka albasa da ba ma buƙata."

"Ni fa? Ya taɓa maganata?"



"Sau ɗaya. A asibiti. Ya ce a gaya miki ba ki yi ƙarya ba, abin da kika gani kika faɗa. Ya ce amma da kin fara shigowa kicin ɗin kin tambaye shi."

Wani jirgin kamun kifi ya wuce, ruwan ya daki bango ya koma.

"Shi kuma Abonim ina ya shiga?" in ji Hye-ran. "Tun Agusta ko waya. Na ɗauka ya binne ɗansa ya gama da mu. Da-on kullum sai ta tambaya."

"Ya faɗi a Agusta. Ɓarinsa ya shanye. Ba ya magana."

"Ba ya magana."

"Ko kalma ɗaya."

"To wa zai faɗa mata?"

Eun-sil ta danna wayar a kunne. Can a bayan matar ta ji wata ƙaramar murya tana tambayar wa ke waya. Sai layin ya yanke.

*

Gidan yana kan tudu. Ta same shi inda uwar ke barinsa, a kujerar bakin taga, bargo a gwiwa, rediyo na ta surutu a gefensa. Da ya gan ta, ɓarin fuskarsa mai rai ya ɗan motsa.

Ta kashe rediyon. Ta ajiye kular. Ta durƙusa a gabansa yadda aka koya mata tun tana ƙarama.

"Aboji. Na yi magana da Hye-ran."

Idonsa ya tsaya cak.

"Na ga Da-on tana jan kunnenka."

Hannunsa na hagu ya damƙi bargon.

"Ba ka taɓa ajiye shafin cikin jerin Omma ba. Kullum sai ka rubuta shi da hannu, harafi bayan harafi, don kada ya bar sawu. Ba ka san kwamfutar na ajiyewa ba. Ni ma ban taɓa gaya maka ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba kalma ba.

"Ka ce masa na sani. Ka ce masa Omma ta ƙi. Yana kwance yana mutuwa, ka shiga ka kalli idonsa ka ce uwarsa ta ƙi zuwa."

Ya girgiza kai. Ya sake girgizawa.

"A'a me? Ba ka faɗa ba?"

Ya daina girgizawa.

"Me ya sa? Don kada ka tsaya a gabanta ka ce na yi kuskure? Kalma uku ce, Aboji. Wata ɗaya ya zama shekara, shekara ta zama shida, sai ya zama in ka kai ta za ta ji tun yaushe kake zuwa. Haka ne?"

Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Ɗayan a bushe.

Ta so ya yi mata tsawa. Ta so ya buga tebur yadda ya saba, ta samu abin da za ta yi faɗa da shi. Shekara talatin da shida tana tsoron mutumin nan, yau da ta zo da maganar da ta fi ƙarfinsa, ba ta tarar da kowa ba sai tsoho mai dalalar da yawu.

"Ni na fara," ta ce. "Na sani. Ni na kawo maka maganar, ina jin daɗi yau za ka ga wace ce 'yar kirki. Amma ni rana ɗaya na yi. Kai shekara shida."

Ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannunta. Har yanzu da sauran ƙarfin mai jan raga.

"In faɗa mata?"

Ya matse.

"Matsewar nan eh ce ko a'a?"

Ya ƙara matsewa. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya buɗe.

"Aboji, eh ko a'a? Ɗaga kai kawai."

Bai ɗaga ba, bai girgiza ba. Ya rufe ido.

Ta daɗe a durƙushe. Daga baya ta zare hannunta, ta buɗe kular, ta ɗaura masa tawul a wuya. Kunun ya huce. Ta riƙa ba shi cokali cokali, yana haɗiyewa da ƙyar, tana goge masa haɓa. Ya shanye tas. Ba ta sake ce masa komai ba, shi ma bai sake buɗe ido ba.

*

Da ta koma shagon, uwar tana can bakin hanya wajen motar masu kai kaya, ana loda kwalaye.

Eun-sil ta zauna gaban sabuwar kwamfutar. Ta buɗe rajistar, ta bi rassan har ta iso ɗan ƙaramin reshen. Ga su nan a jere, ashirin da biyar. Ta haskaka na farko, ta danna gogewa.

Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata.

In ta ce eh, Omma za ta ci gaba da leƙa motoci har ta mutu, tana zaton ɗanta yana raye a wani gari. In ta ce a'a, wata rana hannun tsohuwar zai goce ya taɓa layin. Kuma ko wanne ta zaɓa, Omma za ta koma gida ta ci gaba da yi wa mutumin nan wanka da hannunta.

Yatsanta na kan linzami aka ja ƙofar shagon, aka sauke ta rabi.

"Omma, rana tsaka za ki rufe?"

Bok-rye ta shigo. Ta jawo kujerar roba ta zauna dab da ita, har gwiwoyinsu suka haɗu. Ta kwance zanen aikin da ta ɗaura ta ninke a cinya.

"Ya ci?"

"Ya ci."

"To." Ta leƙa waje, ta rage murya, duk da babu kowa. "Tsohuwar kwamfutar nan da sauranta, na sani. Da za ta kai baɗi. Ba don ƙuginta na matsa miki ba."

"To don me?"

"Matar mai gishiri ta ce sababbin nan, in ka rubuta sunan mutum, suna nemo shi ko ina yake. Ta ce haka aka gano ƙanenta a Incheon."

Eun-sil ta ɗauke yatsanta daga kan linzamin.

Uwar ta zura hannu cikin rigarta ta zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta danne da tafin hannu. Suna ne da ranar haihuwa, da rubutunta mai karkata.

"Shekara goma sha ɗaya na yi wa ubanki biyayya. Yanzu ba shi da bakin hana ni. Ba na jin daɗin faɗar haka, amma gaskiya ce." Ta turo takardar. "Nemo min yayanki. Ba sai ya dawo ba. In ga fuskarsa kawai, in san yana cin abinci."

"Omma..."

"Na san kina jin nauyin abin da ya faru. Yarinya ce ke lokacin. In kika nemo shi, shi ke nan, kin biya."

"Omma, tsaya."

"Kuka kuma na mene ne? Ko rubutawa ba ki yi ba."

Wayar shagon ta yi ƙara.

Tana can ɓarin uwar, kusa da ma'auni. Eun-sil ta miƙa hannu, amma Bok-rye ta riga ta.

"Shagon Chu ne, me za a kawo?"

Ta saurara. Ta ɗan yamutsa fuska.

"Wa? Ɗaga murya, 'yar nan. Ina mamanki?"

Ta sake saurarawa. Sannan ta sauke kan wayar a hankali zuwa ƙirjinta, ta juyo ta dubi 'yarta.

"Wata yarinya ce. Ta ce sunanta Chu Da-on." Idonta ya sauka kan fuskar Eun-sil, ya tsaya. "Wai an ce kakanta ba shi da lafiya, a ba ta shi su gaisa."